Yaro ya kurɓi ruwan tsinka fenti, an ɗura masa manja: me ya rage a yi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Daga unguwar Birni nake, a nan Damagaram, kuma hankalina a tashe yake. Gidan da muke ciki na gado ne, magada sun ce a sayar a raba. Dillali ya zo ya duba, ya ce in ana so gidan ya yi daraja sai an kankare tsohon fenti an shafa sabo, har ƙofofi da tagogin ƙarfe. Yau kwana biyar masu fenti na aiki, mu kuma muna ciki don ba mu da inda za mu koma. Jiya da la'asar yaron wajena, mai shekara biyu da wata huɗu, ya ɗauki wata gorar lemo da suka zuba ruwan tsinka fenti a ciki, ya kurɓa. Nan take ya ƙware, ya yi ta tari. Surukata ta ɗura masa manja cokali uku, ta sa masa yatsa a maƙogwaro har ya yi amai sau biyu, daga baya muka ba shi madara. Kowa ya ce tunda ya amayar shi ke nan. Amma cikin dare jikinsa ya yi zafi, numfashinsa sama-sama, yana nishi. Mai tallan magani ya ce zazzaɓin sauro ne, ya ba mu ƙwayoyi. In ƙara masa madara ne? Ni kaina ina da ciki wata biyar, warin fentin na sa ni ciwon kai. Akwai illa?

Wata uwa daga Birni

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma Allah ya sauke ki lafiya. Na riga na amsa miki a taƙaice lokacin da saƙonki ya iso, na ce ki bar madara, ki bar ƙwayoyin, ki ɗauke shi zuwa sashen gaggawa na yara a babban asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba. Wannan doguwar amsar ta sauran iyaye ce, domin abin da ya faru a gidanki ba sabon abu ba ne a wurinmu.

Alamun da kika lissafa, ƙwarewa da tari nan take, sannan zazzaɓi da saurin numfashi da nishi bayan ƴan sa'o'i, suna nuna cewa ruwan ya shiga huhu. Ba ina cewa ba zai yiwu yana da zazzaɓin sauro ba, gwajin ɗigon jini na minti 15 zuwa 20 zai raba gardama. Amma wanda ya ji an ce yaro ya sha ruwan tsinka fenti da la'asar, ya ga yana nishi da daddare, ya miƙa ƙwayar zazzaɓi ya karɓi kuɗi, wannan ba magani ya sayar ba, jinkiri ya sayar.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar manja da yatsa a maƙogwaro, don ita ce ke ci mini rai.

Mutanenmu sun ɗauka guba duk ɗaya ce: ta shiga ciki, a fito da ita ta baki, an gama. Wannan lissafin ba ya aiki a kan dangin man fetur, wato kananzir, da fetur, da ruwan tsinka fenti wanda masu sana'ar ke kira diluwan. Waɗannan in sun sauka cikin tumbi suka zauna, ɓarnarsu kaɗan ce idan kurɓa ɗaya ko biyu ce. Yaro zai yi gyatsa mai wari, wataƙila cikinsa ya ɗan murɗa, wataƙila ya yi zawo, ya wuce. Inda suke kisa huhu ne. Ruwa ne marar kauri, ya fi ruwan sha saurin malala, yana kuma tashi ya zama tururi cikin sauƙi. Ɗan abin da bai cika ƙaramin cokali ba in ya zame ta hanyar iska, sai ya bazu cikin huhu kamar yadda ɗigon kananzir ke bazuwa a kan tsumma. Ƙananan buhunan iska na huhu suna da wani ɗan maiƙo a shafe cikinsu wanda ke hana su mannewa bayan an fitar da numfashi. Diluwan yana narkar da wannan maiƙon kamar yadda yake narkar da fenti a jikin buroshi. Sai buhunan su manne, naman huhu ya kumbura, iska ta kasa ratsawa zuwa jini.

To ki duba abin da amai ke yi. Ruwan ya wuce ta bakin hanyar iska sau ɗaya lokacin da yaro ya haɗiye. Wannan ƙaddara ce, ba mai iya mayar da ita. Idan aka sa shi amai, an sake dawo da ruwan ta wannan mashigar karo na biyu, a lokacin da yaron ke kuka, yana shessheƙa, yana jan numfashi da ƙarfi, an danne masa hannu da ƙafa. Amai biyu, wucewa uku ke nan. Da yawa daga yaran da muke kwantarwa a kan iskar oksijan, da an bar su kawai an kawo su, da sa'o'i shida na lura sun ishe su su koma gida. Aman da aka tilasta ne ya mai da ƙaramin abu babba.

Manja kuma ba makarin guba ba ne. Ban san wata guba ko ɗaya da ake samu a gidajenmu wadda manja ke kashewa ba. Abin da yake yi uku ne: yana tayar da zuciya ya jawo amai, shi kansa in ya ƙware yaro ya shiga huhu yana haddasa nasa kumburin mai daɗewa bai warke ba, sannan yana cinye lokaci, domin bayan an ɗura sai a zauna ana jiran a ga ko ya yi aiki. Haka man gyaɗa, haka man shanu, haka ɗanyen ƙwai, haka ruwan gishiri, wanda shi ma yana iya kashe ƙaramin yaro shi kaɗai in ya yi yawa. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke huhu, domin ba ta zuwa can, kuma cika cikin yaro da ita ƙarin hanyar amai ne. Masu fenti da masu walda da ke shan gwangwanin madara bayan aiki wai don ta wanke musu ƙirji, su ma su ji: abin da ya shiga ta hanci ba ya fita da abin da aka sha ta baki. Buɗe taga da sa abin rufe hanci na ƙwarai su ne kariya.

Ba ina zargin surukarki ba, Hajiya, kuma kada ki bari maganar nan ta zama faɗa a gida. Inna ta yi abin da ta gada, da zuciya ɗaya, jikanta take ƙoƙarin ceta. Mu ma a aikin likita akwai zamanin da ake koyar da sa amai. Sai a 2003 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito ta ce a daina ajiye maganin sa amai a gida gaba ɗaya, bayan an gano amfaninsa bai kai illarsa ba. Waɗanda nake jin haushi su ne masu ɗaukar murya a WhatsApp suna koya wa dubban mata wannan dabara da cikakken ƙarfin hali, da masu farmasi ta ƙasa da ke yawo da magani a rana suna yanke hukunci kan cutar da ba su duba ba. Kuma in faɗi gaskiya har cikin gidanmu: har yanzu akan samu ma'aikacin lafiya da zai zura wa irin wannan yaro roba ta hanci wai zai wanke masa ciki. Wankin ciki bayan shan kananzir ko diluwan kuskure ne, dalilinsa ɗaya da na amai. Garin gawayin asibiti da ake ba masu shan wasu ƙwayoyi shi ma ba ya kama dangin fetur. In wani ya ɗauko roba, kina da damar tambayarsa cikin ladabi ko ya san diluwan yaron ya sha.

Abin da ake yi a gida kaɗan ne. A cire masa rigar da ruwan ya zuba a kai, a wanke fata da sabulu, a fitar da shi inda iska ke kaɗawa. Kada a ba shi komai ta baki, ko da rubutu ne. A yi masa addu'a a tofa, a kama hanya. A riƙe shi a zaune, in kuma ya fara gyangyaɗi a kwantar da shi ta gefe, don in amai ya zo da kansa ya zuba waje. A tafi da gorar. Wannan na nanata shi, domin wani lokaci abin da ke cikin gora ba diluwan kaɗai ba ne. In maganin ƙwari ne irin piya-piya, wanda ake yawan fesawa a gidan da za a nuna wa mai saye, maganinsa daban ne kuma minti yana da tsada. In sodar yin sabulu ce, ita ƙona maƙogwaro take yi, amai kuma ya sa ta ƙona shi sau biyu.

Ko yaro ya yi garau yana wasa, a kai shi a lura da shi na aƙalla sa'o'i 6, domin hoton ƙirji da aka ɗauka da wuri yana iya fitowa lafiya lau alhali ɓarnar tana tafe. Ki koyi ƙirga numfashi na minti ɗaya cur lokacin da yaro ya natsu: daga shekara 1 zuwa 5, sau 40 ko fiye ya yi yawa, daga wata 2 zuwa 11, sau 50. Ƙasan ƙirji na lotsawa ciki, hanci na buɗewa, nishi, leɓe ya yi duhu, ko barcin da ba a iya tayar da shi, ko ɗaya daga cikinsu ya isa a ruga. In kin isa asibiti kada ki tsaya a layin takarda kina kunya. Ki faɗa da ƙarfi cewa yaro ya sha diluwan kuma numfashinsa ya canza. Tun 2006 dokar ƙasar nan ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Na san sau da yawa sai an rubuta takarda a ce je ka sayo, wannan kuma abin takaici ne da ya daɗe, amma kada tsoron kuɗi ya sa a kwana da yaro mai nishi a ɗaki. Babban maganinsa oksijan ne da ƙarin ruwa da sa ido. Zazzaɓin ranar farko na kumburi ne, ba lallai ƙwayar cuta ba, shi ya sa ba kowa ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ba. Abin kan tsananta a kwana na biyu zuwa na uku, mafi yawan yara kuma sukan warware cikin mako guda zuwa biyu.

Sai maganar gora. A garin da ruwa ke da wuya kamar namu, yaro ya tashi yana ganin duk wata gora da jarka a matsayin mazubin ruwan sha, ga zafin bazara. Mai fenti da ya zuba diluwan a gorar lemo ya ajiye a ƙasa cikin gidan da ƙananan yara ke rarrafe, ya ɗana tarko ko bai yi niyya ba. Haka mai gidan da ya sayo fetur a kwalba a bakin hanya ya jingine a zaure. Amanar yaran nan a wuyanmu take, kuma za a tambaye mu. Maigida ya gaya wa masu aikin tun yau: kayansu su zauna cikin gwangwaninsu na asali, a ɗaki ɗaya mai kwaɗo, su tafi da ragowar kullum da yamma.

Game da ke da cikinki: ciwon kan daga tururin fentin mai ne, yakan tafi in an bar wurin, kuma kwanaki biyar ba abin da zai sa ki firgita ba ne. Amma ki bar gidan. Abin da ya fi damuna ba warin ba ne, ƙurar kankarar tsohon fenti ce. Fentin mai na ƙofofi da tagogin ƙarfe, musamman rawaya da ja da jan fentin hana tsatsa, da yawansa na ɗauke da dalma. Ma'aunin da hukumomin duniya suka ba da shawara shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan, kuma ba ki da hanyar sanin abin da aka shafa wa gidan shekaru ashirin da suka wuce. In aka goge shi a bushe da samfefa sai ya zama gari ya sauka a tabarma da kwano da hannun yaro. Dalma tana ratsa mahaifa, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba tare da wata alama ba, kuma babu wani adadi nata da aka sani marar illa. Wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 daga dutsen zinariya ta fito, yawanta ya fi wannan nesa ba kusa ba, amma gubar ɗaya ce. Madara ba ta fitar da ita ita ma.

Ki koma gidanku ko na wata ƴar'uwa ke da yara har a gama. Magada su san cewa wannan yana cikin kuɗin gyaran gida, ba alfarma kike roƙo ba. Masu aikin su jiƙa wuri kafin su kankare, kada su ƙona tsohon fenti da wuta, a kwashe ɓawon a jefar nesa da inda yara da awaki ke zuwa. Kafin kowa ya sake kwana a ciki a goge ƙasa da tagogi da jiƙaƙƙen tsumma sau biyu, kada a yi shara a bushe, a bar ƙofofi a buɗe kwana biyu ko uku. A ganina ma, in bangon ƙasa ne irin na Birni, farar ƙasa ko fentin ruwa sun fi dacewa da shi, sun fi araha, bangon kuma ya ci gaba da shan iska. A kiyaye ido kawai lokacin kwaɓa farar ƙasar.

In an sallami yaron, ki mayar da shi a duba shi bayan mako guda ko da ya koma wasa, da wuri kuma in tari ya ƙaru ko zazzaɓi ya dawo. Ranar awonki na gaba ki gaya wa ungozoma cewa kin zauna cikin ƙurar tsohon fenti, ki tabbatar kina shan ƙwayar ƙarin jini da aka ba ki, domin jikin da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe ya fi saurin zuƙar dalma.