Alhaji, kada ka bar kwanaki biyar ɗin nan su wuce ka

Assalamu alaikum Alhaji. Na ga tambayarka: ka shiga takarar kwangilar gina ajujuwa a wata ƙaramar hukuma ta jihar Tawa, ranar buɗe ambulan kuɗinka ya fi na kowa sauƙi, sai ga wasiƙa cewa an ture dosiyenka don kwafi biyu ka haɗa da na asali maimakon uku, kuma akwai shafukan da ba ka yi wa ɗan sa hannun gefe ba. Kana tambaya ko ka kai kuka ko ka bar wa Allah. Ni dai na ce ka kai. Amma kafin komai, duba ranar da wasiƙar ta shigo hannunka, don daga nan ake ƙirga.

Dokar kwangilolin gwamnati da aka sa wa hannu ranar 29 ga Satumba 2022 ta ba ka kwanakin aiki 5 ka rubuta kukanka zuwa ga shugaban da ke da alhakin kwangilar, wato can wurin da suka ture ka. Wannan mataki ba a tsallake shi. Su ma suna da kwanakin aiki 5 su amsa. In sun ƙi, ko sun yi shiru, kwanakin aiki 3 kacal suka rage maka ka kai maganar gaban kwamitin warware rigingimu na ARCOP a Yamai, wanda muke kira CRD. ARCOP ɗin ita ce hukumar da ke sa ido kan kwangilolin gwamnati a Nijar, wato tsohuwar ARMP. Kwana ukun nan su ne suka fi cin mutanenmu na nesa. Daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, ga Juma'a da ake tashi aiki da wuri. Don haka tun ranar da ka miƙa kukan farko ka shirya na biyu, ka sayi tambur ɗin lanho ka liƙa, don takardar da ba ta da tambur ba a ma karanta abin da ke cikinta. Akwai wani abokin sana'armu da gaskiyarsa ta fito fili, amma ya tafi Yamai kai tsaye bai fara rubuta wa masu kwangilar ba. Aka ce ƙararsa ba ta karɓu, shi ke nan. Har yau abin yana ci mini rai.

In ka kai wasiƙar, riƙe kwafi a buga maka hatimi da kwanan wata a kai. In ka ga ana yi maka jeka-ka-dawo, ɗauki wisiye, wato jami'in shari'a mai isar da takardu, ya kai maka. Kiran waya da "za mu duba, Alhaji" ba sa tsayar da ƙirga.

Yanzu ainihin maganar. Kada ka gina kukanka a kan cewa kai ne mai arha. Kwamitin tantancewa ba ya duba kuɗi sai dosiye ya tsallake matakin cika ƙa'ida, saboda haka wannan hujja ba ta kai ka ko'ina. Abin da ke cin nasara shi ne abin da ke rubuce cikin kundin DAO, wato kundin sharuɗɗan takarar, da ka saya. Buɗe sashen umarni ga masu takara, da sashen bayanai na musamman na wannan kwangila, ka karanta layi-layi da biro a hannu. An rubuta kwafi uku? To, an kuma rubuta cewa wanda bai cika ba za a ture shi? Tsakanin waɗannan biyu akwai rata babba. A kundin da aka saba amfani da shi akwai layin da ke cewa in an sami bambanci tsakanin kwafi da na asali, na asali ake bi. Akwai kuma wanda ya ba hukuma damar kau da kai daga ƙaramin kuskure da bai taɓa farashi ko ingancin aiki ko hakkin sauran masu takara ba. Rashin kwafi ɗaya bai ƙara maka ko dala ba, bai tauye kowa ba. Nan za ka kafa ƙafarka, ka ambaci lambar sashen da shafinsa.

Sa hannun gefen ya fi wuya kaɗan, kuma ba zan ɓoye maka ba. In shafukan bayanin ma'aikata ne ko jerin kayan aiki, da sauƙi. In kuwa takardar tayin kanta ce babu sa hannu, ko jadawalin farashi da ka goge ka gyara ba ka sa hannu kusa da gyaran ba, to da wuya. Haka nan wanda ya iso bayan lokacin rufewa, ko ya zo babu takardar lamunin banki: waɗannan ban taɓa ganin an gyara su ba, kuma a ganina daidai ne, don da ana buɗe wannan ƙofa da mu ƙanana ne za mu fara shan wuya.

Ni ma an taɓa ture ni a wata ma'aikata, kan wata takarda da kundin bai nema ba ko sau ɗaya. Shafi ɗaya da rabi na rubuta, babu zagi, babu zargin an ci kuɗi. Na jera takardun da kundin ya nema, na nuna shafin da kowacce take a dosiyena, na roƙi a nuna mini inda aka rubuta waccan. Ba su da amsa. A Yamai aka zaunar da mu, ni a gefe, wakilinsu a gefe da kundin a gabansa yana ta juya shafi, aka umarce su su sake tantancewa. Lura da kyau, sake tantancewa aka ce, ba a miƙa mini kwangilar a hannu ba. Abin da za ka samu shi ne a mayar da kai cikin takara, kuma muddin ana duba kukan ba su da ikon ci gaba da sa hannu da wani.

Na san abin da ke ranka, tsoron kada a riƙe ka a zuci gobe. Ana yi, ba zan musa ba. Amma na lura wanda ya taɓa rubuta kuka mai tsabta, an fi taka-tsantsan da dosiyensa daga baya, kuma kwamitin na Yamai ba ma'aikatan gwamnati kaɗai ne a ciki ba, akwai wakilan ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin farar hula.

A cikin wasiƙar ka nemi kwafin rahoton zaman buɗe ambulan, ka ga ko tun ranar an rubuta maganar kwafin, da yadda aka yi da sauran masu takara. In akwai wanda ya yi irin naka aka bar shi ya wuce, hujjarka ta ƙara ƙarfi. Ɗauki hoton wasiƙar da shafin da ya yi maganar yawan kwafi, ka rufe sunaye, ka turo da daren nan mu duba tare, don gobe da safe takardarka ta shiga.