Ganye ya rufe gona, ƙasa babu dankali: laifin yuriya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a yankin Kura ta jihar Kano. Bara na dasa dankalin Hausa kadada ɗaya a fadamar da na cire tumatir. Na zuba masa kamfa 20-10-10 buhu 3, na bi shi da yuriya buhu 3, rabi yana da wata ɗaya, rabi yana da wata biyu, kamar dai yadda nake yi wa masara. Gonar ta yi kore shar, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Da muka zo haƙa sai jijiyoyi dogaye da 'yan ƙananan dankali. Maƙwabcina da bai sa komai ba sai takin gida ya fi ni samu. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Kuskuren yana cikin maganar da ka faɗa da bakinka, wato "kamar yadda nake yi wa masara". Masara da dankali ba cikinsu ɗaya ba.

Mu fara da lissafi. Yuriya kashi 46 cikin 100 ɗinta naitirojin ne, saboda haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Buhu 3 ya zama kilo 69. Kamfa 20-10-10 kuwa kowane buhu kilo 10 ne na naitirojin, kilo 5 na fosfet, kilo 5 na fotash. Ka ga ka tara wa gonar kilo 99 na naitirojin, fotash kuma kilo 15 kacal. Ban ma sa ragowar takin da tumatir ya bari a ƙasa ba, kuma duk wanda ya san noman rani ya san ba a yi wa tumatir rowar taki. Abin da aka saba ba dankali a irin ƙasarmu bai wuce kilo 40 zuwa 60 na naitirojin a kadada ba. Ka ninka masa naitirojin, wanda kaɗan yake buƙata, ka hana shi fotash da ya fi so.

Ga abin da ke faruwa a cikin kunya, inda ido ba ya gani. Idan ka dasa reshe, saiwoyi farare masu kauri suna fitowa daga gaɓoɓin da ka binne. A cikin makonnin farko, kusan wata ɗaya zuwa kwana arba'in, kowace saiwa take ɗaukar hanyarta: ko ta fara tara gari ta zama dankali, ko cikinta ya ƙeƙashe ta zama jijiya mai tauri. Wadda ta ƙeƙashe ta tafi ke nan, ko ka zuba mata taki tirela ba za ta kumbura ba. Naitirojin mai yawa a wannan lokaci yana tura saiwoyi ta hanya ta biyu. Daga baya kuma, abincin da ganye ke haɗawa da hasken rana, wanda ya kamata ya sauka ƙasa, sai shuka ta kashe shi wajen fitar da sabon reshe da sabon ganye. Ganyen ma ya yi ta hawa kan juna, na sama ya tare wa na ƙasa rana, na ƙasa ya zama ci-ma-zaune. Yuriyar da ka zuba yana da wata biyu ita ta fi yin ɓarna, don a daidai lokacin ne ya kamata yaɗo ya lafa, ƙasa ta fara cika.

Kada ka ɗauka ina cewa dankali ba ya son naitirojin. A jigawar da ta gaji, inda aka shekara ana gero ba taki, za ka ga yaɗo ya tsaya cak, ganye ƙanana, tsofaffin suna yin ɗorawa, kunya ta kasa rufuwa har ciyawa ta samu wuri. Wannan ma ba zai ba da komai ba, don ganye ne ke ciyar da saiwa. Abin nema shi ne ganye ya rufe kunya da wuri, sannan ya dakata.

Da gonar jigawa ce mai matsakaicin ƙarfi, ga yadda zan yi da kadada ɗaya. Kamfa 15-15-15 buhu 4, wanda zai ba da kilo 30 na kowane sinadari cikin ukun. A sa shi idan dashe ya kama, kamar mako biyu bayan dasawa, a gefen kunya nesa da gindi da kamar faɗin tafin hannu, a rufe da ƙasa. Idan tazarar kunya mita ɗaya ce, tsakanin gindi da gindi kuma santimita 30, kana da gindi wajen 33,000, kowanne zai samu kusan giram 6, wato cikin marfin kwalbar lemo. Sai yuriya buhu ɗaya tak a mako na huɗu zuwa na shida, kafin yaɗo ya haɗe, daidai lokacin noma na biyu da gyaran kunya. Rabon kowane gindi bai kai abin da yatsu uku za su tsinto ba. Jimla kilo 53 na naitirojin ke nan. Daga nan a ɗaure bakin buhu. Dalilin raba shi biyu, yashi ba ya riƙe naitirojin, ruwan Agusta ɗaya mai ƙarfi zai iya wanke shi zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. Yuriya kuma idan aka watsa ta a sarari ba a binne ba, wani kasonta iska yake bi.

Amma taka gonar fadama ce bayan tumatir. Ni a wurinka yuriya ba za ta shiga ba sam, sai in na ga ganye ya koɗe a wata na farko. Haka ma gonar da aka cire gyaɗa ko wake ko waken suya, ko wadda ta sha kashin kaji, a rage. Kashin kaji ba wasa ba ne, mutane suna raina shi don ba a buhun kamfani ya zo ba.

Kuɗin yuriyar nan da fotash ka saya da su da ka ga bambanci. Dankali yana kwasar fotash daga ƙasa fiye da yadda yake kwasar naitirojin, kuma shi ne ke taimaka wa abinci ya sauka daga ganye zuwa saiwa. Idan ya yi ƙaranci dankali yakan fito siriri dogo, gefen tsofaffin ganye ya yi kamar an babbaka. Akwai takin fotash zalla da dillalai ke kira MOP, mai jan ƙwaya galibi, buhu ɗaya yana da kilo 30. Ba kowace kasuwa ake samunsa ba, na sani. In bai samu ba, zaɓi 15-15-15 maimakon 20-10-10, wanda shi dama da masara da shinkafa ya fi dacewa. Tokar murhu ma tana da fotash, kuma ina zargin ita da kashin awaki ne sirrin maƙwabcinka, don takin gida ba ya rasa toka. Sai dai kada a cakuɗa toka da yuriya wuri ɗaya, tana sa naitirojin ya tsere. Za ka ji warin yana hawa hanci.

Ba zan ɗora wa taki laifin duka ba. Fadama mai riƙe ruwa tana hana saiwa numfashi, ita ma tana haifar da ganye ba 'ya'ya, don haka a ɗaga kunya sosai. Iri ma ya bambanta, wani tun asali mai yawan yaɗo ne. In yaɗon yana kafa saiwa a tsakanin kunyoyi, a riƙa ɗaga shi a hankali kada ya raba ƙarfinsa, amma ba a kifa shi ba.

Wuri ɗaya ne yawan naitirojin yake da riba: idan reshen kake nema, ko don sayar da iri farkon damina ko don ciyar da tumaki. A ƙaramin fili na renon iri, duk lokacin da ka yanka ka bi shi da 'yar yuriya da ruwa, zai sake tohowa.

Bana ka yi gwaji a gonarka, tunda gani ya kori ji. Ware kunya goma ka ba su kamfa kaɗai, goma kamfa da 'yar yuriya a mako na biyar, goma kuma takin gida zalla. Ka kafa turke a bakin kowane kashi don kada yara su rikita maka. Ranar haƙa kada ka duba ganye, ka ƙirga buhun da kowane kashi ya cika, ka ware manya na kasuwa daban da ƙanana.