Goron Baƙo da Kuɗin Hoto: Amsa ga Ɗana Habibu

Ɗana Habibu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da aikin ɗaukar hoton nan ya fara riƙe ka, har jaridarku za ta tura ka Nijar ka ɗauko bukukuwan Woɗaaɓe, wato Fulanin daji, da na Azna masu addinin gargajiya. Ka ce editanka ya gindaya maka sharaɗi cewa ɗan jarida ba ya biyan mutum kuɗi don ya ɗauki hotonsa, ga shi kuma an gaya maka ba a shiga gari hannu rabbana. Kana tambaya ko goron da ake kai wa mai gari cin hanci ne, da kuma wanda ake neman izini wurinsa idan mutane suna tsakiyar ibadarsu. Tunda na daɗe ina yi wa Turawa masu kyamara tafinta tsakanin Maraɗi da Agadas, bari in gaya maka yadda abin yake.

Editanka yana da gaskiya, amma maganarsa ba ta shafi gaisuwa ba. Gaisuwa ana kai ta ne ranar da ka sauka, a gaban jama'a, ta hannun mai masaukinka, kyamara tana cikin jaka. A ƙasar Hausa goro ne. In ka yi arewa wajen Buzaye da Fulanin daji, ganyen shayi da sukari sun fi goro daraja. Ba a cinikinta, ba a ƙirga ta a gabanka, kuma ba ta saya maka komai: mai gari yana iya karɓa ya sa albarka, sannan ya ce abin da kake son ɗauka ba a ɗaukarsa. Abin da editan yake gudu shi ne a ce kowane hoto jika guda, wato sefa dubu. Wannan ni ma ina ƙinsa, domin na ga ɓarnarsa. Duk garin da masu yawon buɗe ido suka saba da wannan, yara ne za su bi ka da "kado, kado", wato kyauta da Faransanci, samari kuma su shafa kwalliyar biki a ranar da babu biki, su jeru su yi maka rawa ta minti goma. Ka koma gida da hoto mai kyau, amma ƙarya ce ka ɗauko.

Sana'ar taka irin ta fataken da ce masu zuwa Gwanja sayen goro. Ba wanda yake isa Salaga ya kama ciniki kai tsaye, sai ya sauka wurin mai gida a zango, shi zai tsaya masa, shi ake tuhuma in baƙon ya yi ba daidai ba. To, ka nemi mai masauki kafin ka nemi hoto, kuma ka biya shi hakkinsa na jagora da tafinta a fili, wannan lada ne na aiki. Sannan ka yi haƙurin zama. Kwanakin farko na shan shayi ne da amsa tambayoyi: ɗan wane ne kai, wa ya aiko ka, ina za a kai hotunan.

Wurare irin Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a tsarinsa na yanzu tun 1934, ko Hawan Daushe a Kano, ba su da wuya. An yi su ne don a gani, ka karɓi katin 'yan jarida ka tsaya inda aka tsayar da kai.

Woɗaaɓe daban ne. A watan Satumba, ƙarshen damina, makiyaya suna taruwa a Ingal don dabbobi su sha ruwan gishiri, gwamnati kuma tana kafa rumfuna, manya su zo a yi jawabi. Za ka sami hotuna a can, amma gerewol na ainihi, bikin da samarin Woɗaaɓe suke ado su yi rawa, a daji ake yinsa tsakanin dangi da dangi, inda ruwa da ciyawa suka wadata, kuma sai wanda ya san mutane yake jin wurin. Ardo za ka fara gani. Samarin da suka shafa jar ƙasa da tozali suna fiddo farin ido da haƙora ba za su guje ka ba, ai don a kalle su suka kwana suna ado. Hankalinka ya koma kan dattawa da matan aure. Bafillace mai kunya ba zai ce maka "a'a" ƙiri-ƙiri ba. Zai yi shiru, ko ya kau da kai, ko ya ce sai an jima. Wannan ita ce amsarsa, ka sauke kyamara. Kada ka tambayi mutum yawan shanunsa. Kada ka tambayi uwa sunan ɗanta na fari don ka rubuta, ka tambayi wani a gefe, mu ma ai haka muke. Buzu kuma ko shayi zai sha ta ƙarƙashin amawali yake kai kofi bakinsa, don haka kada ka yi masa kwanton ɓauna ka ɗauke shi baki a buɗe.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne wajen bori. A Tibirin Gobir Inna ce shugabar 'yan bori, a wasu garuruwan Sarkin Bori ne ko Magajiya, kuma izinin mai gari bai wadatar ba sai da nasu. A wurinsu, wanda iska ta hau ba shi ne a jikinsa ba, doki ne kawai, mace kuma godiya. Saboda haka ba ka da wanda za ka tambaya bayan garaya ta ɗauka. Ka nemi yardar mutum tun kafin a fara, in ya yi atishawa iskar ta sauka ya dawo hayyacinsa, ka nuna masa abin da ka ɗauka, wanda ya ce a goge ka goge a gabansa. Kada ka kunna fitilar kyamara a fuskar kowa. Ɗakin girka, inda ake shigar da mutum bori, ba a shiga, kada ma ka roƙa. Ka kuma tuna da yawa daga cikin matan nan suna zaune ne cikin maƙwabta masu kallon abin da mugun ido. Hoto ɗaya a Facebook yana iya kashe auren mace, kai kana Kano ba ka ma ji labari ba.

Na san mahaifiyarka za ta ce me ya kai ɗan Musulmi wurin. Mun san matsayin addini a kan waɗannan abubuwa. Ba wa'azi aka aike ka ba, ba kuma shiga aka ce ka yi ba. Lokacin salla ya yi ka tashi ka yi sallarka, in an miƙo naman yankan tsafi ka yi godiya ka ce ba ka ci. Ban taɓa ganin sun ji haushin wannan ba, raini ne ba sa yafewa.

Ko da izinin ma, akwai sauran aiki. A 1954 wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya ɗauki fim na 'yan Hauka, mutanen Nijar masu ci-rani a Ankara ta Gana, waɗanda iskokinsu suke kwaikwayon gwamna da hafsoshin Turawan mulki. Shugabannin 'yan Haukan ne da kansu suka gayyace shi. Amma da aka nuna fim ɗin a Paris, 'yan Afirka da ke wurin sun fusata, don sun san Bature kumfar baki da cin naman kare kawai zai gani, Turawan Ingila kuma suka hana nuna shi a ƙasar da aka ɗauke shi. To, ka kula da rubutun da za a sa ƙarƙashin hotonka. Ka faɗi garin, da sunan bikin, da dalilin yinsa kamar yadda masu shi suka faɗa, ka kira su da sunan da suke kiran kansu. In ka je Lugu a ƙasar Dogon Dutsi, kada a rubuta "ƙauyen matsafa" a manta cewa Sarauniyar garin ce ta tari sojojin hafsan Faransa Voulet a 1899. Ka roƙi editan ya nuna maka kanun labarin kafin a buga.

Sauran na hanya ne. Ka karɓi takardar izinin aiki daga hukuma a Yamai, kada ka nuna kyamara wajen soja ko jandarma ko shingen bincike, kuma hanyoyin arewa ba kamar da ba ne, duk inda mai masaukinka ya ce kada a bi, kada ka yi gardama. Ka tafi da maganin zazzaɓi, da abin cajin batir na hasken rana, da tsumman naɗe kyamara saboda ƙura. In ka dawo Agadas ko Maraɗi ka wanke hotunan mutanen a takarda, ka ba mai masaukin ya kai wa kowa nasa, ka sa kuɗin wankin cikin lissafin tafiyar tun yanzu.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka. Allah ya kiyaye hanya.

Kawunka