Kachalla da Jemage: Wanne Ne Ke Cikin Haɗari?

Tambaya: Malam, ciyawar kachalla ta cika fadamu, jemagu kuma kan rufe sama da magariba. Yaya masana suka rarraba su, kuma me ya sa ake fargabar ƙarewar jemage alhali ga shi da yawa haka?

Amsa: Ta fuskar rabe-rabe, hanyarsu ta rabu tun daga tushe. Kachalla, wadda masana ke kira Typha domingensis, tsiro ce mai fure daga dangin Typhaceae, kuma rukuninta ɗaya da ciyayi irin su shinkafa. Jemagen da kake gani mai ruwan ƙasa-ƙasa shi ne Eidolon helvum, dabba mai shayarwa daga rukunin Chiroptera mai nau'o'i fiye da 1,400. Danginsa Pteropodidae ne, wato masu cin 'ya'yan itatuwa, waɗanda ke neman abinci da ido da hanci maimakon amsa-kuwwa, wato sauraron dawowar sautin da suke fitarwa, kamar yadda yawancin sauran jemagu ke yi.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wadda ta fara kundin halittun da ke fuskantar barazana a 1964, ta sanya kachalla cikin waɗanda ba a fargabar ɓacewarsu, jemagen kuwa tana lissafa shi cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari. Abin da ake aunawa shi ne ko adadin halitta na raguwa, da kuma saurin da take iya mayar da abin da ta rasa. Kachalla na yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, kuma kanta ɗaya, mai kama da zangarniyar gero, na sakin dubban iri masu gashi da iska ke kwashewa. Idan madatsar ruwa ta sa ruwa ya tsaya a fadama duk shekara, sai kachalla ta toshe hanyoyin ruwa ta danne sauran tsirrai, har kulawar da take buƙata ta koma sara da ragewa.

Macen jemage kuwa ɗa ɗaya take haifa a shekara. Miliyoyinsu kan taru a gandun dajin Kasanka na Zambiya daga Oktoba zuwa Disamba, amma a ganina wannan cincirindon shi ne rauninsu, domin mafarauci ko mai sare itacen da suke kwana a kai yana iya yin ɓarna mai yawa a wuni guda. Raguwarsu na shafar daji ma, tunda sukan kai irin itatuwa nisan kilomita masu yawa cikin dare ɗaya, su zubar da shi a kashinsu inda tsuntsaye ƙalilan ke kaiwa.