Amsa ga mai son barin masara ya koma noman wiwi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko tun da an ce Ghana ta halatta wiwi, ya dace ka janye jarinka daga fataucin masara ka zuba a nomanta. Ni ma na taɓa buga wannan lissafi, har na taka zuwa wajen Ejura duba gona, don haka bari in faɗa maka abin da na tarar.

Wadda ake zuƙa a lungunan Aboabo da Asawase a Kumasi ba ta cikin abin da aka halatta. Dokar 2020 ta bai wa ministan cikin gida ikon ba da lasisin noman nau'in da sinadarinsa mai sa maye, wato THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, domin magani da masana'antu. Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022 saboda majalisa ba ta yi muhawara a kansa ba, sai da aka sake zartar da shi a 2023.

Wannan 0.3 ɗin shi ya sanyaya mini gwiwa. Irinmu na gida ya zarce shi nesa ba kusa ba, saboda haka sai an sayo iri daga waje da dala, kuma ko shi ɗin, idan ya sha zafi ko ya daɗe ba a girbe ba, ƙarfinsa yana iya haurawa. Ranar da gwaji ya nuna ya haura, amfanin gonar ya zama haramtacce. Masara in ta yi kwantai ka zuba a rumbu, ko iyali su ci tuwo. Wannan ba a ajiye ta, ba a kai ta kasuwar Kejetia. Ga katanga da masu gadi da kuɗin lasisi, duk kafin ka ga sidi ɗaya. Ko a Kanada da ta sakar wa manya mara su sha tun 2018, kamfanoni sun noma fiye da abin da kasuwa za ta ɗauka, farashi ya karye, da yawa suka tafka asara.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne yadda labarin ya iso zango. Ɗan ƙanwata, yaro mai ladabi da ke taya ni auna buhu, ya dube ni ya ce ai gwamnati ta yarda. Gaskiya ne wanda aka kama da ta shansa tara ake cin sa yanzu maimakon shekara goma ta tsohuwar doka, amma laifi yana nan, mai sayarwa kuma gidan yari zai je. Yaron nan ya faɗa shanta, har na kwana da shi a asibiti yana surutai, uwarsa na kuka a bakin ƙofa.

In har ka nace, ka je ofishin NACOC, hukumar kula da miyagun ƙwayoyi ta Ghana, da ƙafarka, ka nemi fatawar malamai, kuma kada ka shuka ko ƙwaya ɗaya sai kana riƙe da lasisi da yarjejeniyar mai saye a rubuce. Ni dai na bar gonar Ejura a masara.