Manhajar zuba jari ta rufe: hukuncin ribar da na ci da kuɗin mutanen da na kawo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da yadi a babbar kasuwar Katsina. Bara aka nuna mani wata manhaja a waya, ana zuba kuɗi a ba da ribar kashi 30 cikin 100 duk wata, wai cinikin dala suke yi. Na sa naira 200,000, kafin ta rufe na cire 320,000, ban da kamashon 45,000 na mutum uku da na kawo. Gwaggona ta sayar da awakinta ta ba ni 150,000, na ce mata in suka salwanta ni zan biya. Abokina ya ga alat a wayata ya sa 300,000 da hannunshi. Maƙwabcina kuma ya sa 100,000 a satin da cire kuɗi ya fara gardama, na sani ban faɗa mashi ba, ina fatan abin zai gyaru. Yanzu an ce mu biya wani kuɗi a buɗe mana asusunmu. Abin da na ci halal ne? Wa zan biya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ba ka ɓoye zancen maƙwabcinka ba, domin nan ne wurin da ya fi nauyi a tambayar.

Mu fara da asalin abin. Kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da bandir ɗin yadi yake kawowa bayan an fitar da kuɗin mota da hayar rumfa. Kashi 30 cikin 100 duk wata, in aka bar shi yana hawa, a shekara guda yana ninka kuɗi fiye da sau 23, wato 200,000 ɗinka su haura miliyan huɗu da rabi. Wanda yake da sana'ar da ke haifar da wannan ba ya buƙatar kuɗin awakin gwaggonka. Abin da ke gudana shi ne a karɓi kuɗin na baya a biya na gaba, har ranar da masu shigowa suka ragu, sai a kulle ƙofa. Haka wata harka irin wannan mai suna MMM ta tsayar da biyan mutane a Disambar 2016, haka wata mai suna CBEX ta rufe a Afrilun 2025.

Ko da a ce da gaske suna ciniki, yarjejeniyar ɓatacciya ce. Ba da jari a juya a raba riba, wanda malamai ke kira ƙirali, halal ne, Imam Malik ya yi masa babi guda a Muwaɗɗa. Sharaɗinsa rabon mai jari ya zama wani yanki na ribar da aka samu, rabi ko sulusi, in an yi asara kuma ta hau kan jarin. Da zarar an ce uwar kuɗinka ba za ta taɓu ba, ga kuma adadi yankakke duk wata, to ya koma bashi mai jawo amfani, wato kuɗin ruwa. To ina ga babu cinikin ma gaba ɗaya? Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada mu ci dukiyar juna ta hanyar ɓarna, sai dai ta kasuwanci bisa yardar juna.

Saboda haka 200,000 da ka sa naka ne. Rarar 120,000 da kamashon 45,000 ba naka ba ne, gumin wasu ne da suka shigo bayanka. Rashin saninka a farko ya ɗauke maka zunubi in sha Allah, amma bai mayar da haƙƙin wani naka ba. Dukiyar da ba a san masu ita ba ana sadaka da ita a madadinsu. Kai kuwa ka san uku daga cikin waɗanda aka cuta, don haka su ne suka fi cancanta. Kamashon kowa ka mayar masa, domin daga cikin kuɗinsa aka yanko maka.

Sai maganar biya, kuma mutanen nan uku hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Gwaggonka za ka biya ta cif. Asali wanda aka ba amana ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, amma kai ka ɗora wa kanka da bakinka. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne alkawari yana zama dole idan saboda shi ne mutum ya shiga wani al'amari. Tsohuwar nan ba manhaja ta yarda da ita ba, ba ta ma san yadda take ba. Da kai ta yarda, da kalmar “ni zan biya”. Kuma wanda ya san ƙauyukanmu ya san awakin mace su ne asusunta: da su take sayen magani, da su take haɗa kayan ɗakin jikarta. In ba ka da su a dunƙule, ku yanka abin da za ka riƙa ba ta duk wata, a rubuta a gaban shaidu biyu.

Abokinka ba ka da ramuwarsa, matuƙar ba ka yi masa ƙarya ba kuma ba ka tsaya masa ba. Ya ga alat, ya sa da hannunsa, a lokacin kai ma kana zaton abin gaskiya ne. Kamashonsa da kasonsa daga rarar nan su ne haƙƙinsa a kanka. In ka ƙara masa wani abu don zumunci, kyautatawa ce.

Maƙwabcinka ne nake ji maka tsoro a kansa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, yatsunsa suka taɓo lema. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Kai ma ka ga lemar, ka bar ta a ƙasa, ka kuma karɓi lada a kan shigarsa. Na san malamanmu sun ce ruɗi na baki kawai ba ya wajabta ramuwa, amma sun togace wanda ya haɗu da ƙulla yarjejeniya, kuma kamashon da ka karɓa ya sa kana cikin cinikin. Abin da ya rinjaya a wurina shi ne ka biya shi 100,000 ɗinsa, ka faɗa masa gaskiyar abin da ka sani a satin nan, ka nemi afuwarsa, ka tuba. In ya yafe wani abu bayan ya ji gaskiya, to ya halatta gare ka. Yafiyar da aka samu a kan ɓoyo ba ta wanke mutum.

Kuɗin buɗe asusu kuwa kada ka biya ko sisi, ka kuma hana su ukun biya. Wannan damfara ce ta biyu a kan ta farko, an yi wa mutanen CBEX irinta. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. Duk wanda ya kira ka ya ce daga banki yake ko zai ƙwato maka kuɗinka, ya nemi lambar sirrin katinka ko lambobin da aka turo maka ta saƙo, kashe wayar, banki ba ya neman waɗannan. Ka tara shaidar duk kuɗin da aka tura da lambobin asusun da suka karɓa, ka sanar da bankinka, ku kai ƙara EFCC. Kai ƙara ba tonon asiri ba ne, tsare na bayanku ne, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan harka a fili.

Nan gaba in an nuna maka takardar rajistar CAC, ka sani ita shaida ce kawai cewa an yi wa kamfani rajista. Izinin karɓar jarin jama'a a hannun SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, yake, kuma ana iya duba sunayen waɗanda ta yi wa rajista a shafinta kafin a tura ko naira ɗaya.

Wallahu a'alam.