Kifayen Adona Sun Feso Da Fararen Ɗigo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi mai cin lita 60 a falo, da kifayen ado irin golfish guda huɗu. Na ƙaro biyu daga kasuwa, sati bai cika ba duk suka feso da fararen ɗigo kamar an barbaɗa musu gishiri, suna ta goga jiki a tsakuwa. Na sa magani kwana biyu ɗigon ya ɓace, yanzu ya dawo har ya fi na da. Mene ne mafita? Daga wata mai karatu a Tarauni.

Amsa: Wa'alaikis salam, Hajiya. Wannan ita ce cutar farin ɗigo. Wata ƙwayar halitta ce mai suna Ichthyophthirius multifiliis ke jawo ta, kuma sababbin kifayen ne suka shigo miki da ita. Sanyin hunturun nan ma ya taimaka, don ruwan da ke hucewa sosai da dare yana rage wa kifi ƙarfin jiki.

Ɓacewar ɗigo ba warkewa ba ce. Muddin ƙwayar tana cikin fatar kifi, magani ba ya taɓa ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo kan tsakuwa ta lulluɓe kanta, nan ma magani ba ya ratsa ta, ta rarrabu ta zama ɗaruruwa. Sai 'ya'yan sun fito suna iyo suna neman kifi ne kaɗai ake iya kashe su. Ke kuwa kin tsayar da magani daidai lokacin da suke ƙyanƙyashewa.

Ki fara da zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da siririn tiyo, kina bin tsakuwa. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe ko an ɗiga masa maganin kulorin kafin a zuba. Ki cire gawayin da ke cikin matatar ruwan, don yana shanye magani.

Sai zafi. Da hita, wato na'urar ɗumama ruwa, ki riƙa ƙara digiri 1 zuwa 2 a rana har ya kai 28. A wannan ɗumin ƙwayar takan gama zagayenta cikin 'yan kwanaki, a ruwa mai sanyi kuwa sai ta ɗauki makonni. Amma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, ƙwayar kuma tana kama wurin numfashin kifi, don haka injin kumfa mai hura iska a ruwa ya kwana yana aiki. In ana yawan ɗauke muku wuta, ki nemi mai batir, ki rufa wa tankin bargo da dare. Zafin da ke hawa da sauka ya fi rashin hitar illa.

Sai ki sa gishiri a ruwan, giram 2 a kowace lita, wato giram 120 a tankinki. Ki raba uku, giram 40 kullum, kina narkarwa a kofi tukuna. Gishiri ba ya bin tururi, saboda haka ba a ƙara shi sai a ruwan da aka canza: kin ɗebe lita 15, ki mayar da giram 30. Idan kifayen sun fara hawa saman ruwa suna haki, ki koma maganin da ke da sinadaran malakayit girin da fomalin, bisa ma'aunin jikin kwalbar. Kifaye marasa ɓawo, dangin tarwaɗa, rabin ma'auni ake ba su, kuma wannan magani ba a sa shi ga kifin da za a ci.

Ki ci gaba har mako guda bayan ɗigon ƙarshe ya ɓace. Nan gaba duk sabon kifi ya yi sati uku a wani mazubi daban, da abin kamunsa daban, kuma kada ki juye ruwan ledar mai sayarwa a tankinki.